Tof ɗin wani injin a kan bulok ɗin wani: ba haɗin ne matsala ba, rashin awo ne

1/ Zare ne, ku ɗan ba ni minti biyar. Duk mai tsohuwar mota a yankinmu na Gwarzo da Kabo, ko yana da ɗan'uwa direba, wata rana zai ji bakanike ya ce: "Wannan tof ɗin ma zai zauna, duk abu ɗaya ne." Wannan maganar ta ci mana kuɗi a gidanmu.

2/ Yayana yana haya da Golf 3 tsakanin Gwarzo da Kano. Da ita yake ciyar da gida. Wata rana suna dawowa, daidai Garo, ta tafasa. Ya daure ya lallaɓa ta har gida. Da aka buɗe, tof silinda ya lanƙwashe. Alminiyam ne, ba ya yafe zafi.

3/ Aka tafi Ƙofar Ruwa neman ɗan Beljiyam. Ba a samu irin nasa ba, sai na wani injin Volkswagen daban, kuma ya fi araha. Aka ɗora shi a kan bulok, ramukan noti goma duk suka hau. Kowa ya ce alhamdulillahi. Aka ɗaure da tsofaffin notuna, aka sa wa sifana bututu aka danne.

4/ Sati uku ba a cika ba, baƙin mai ya koma kamar shayi da madara. Ruwa ya shiga. Aka sake sauke inji, kuɗin aiki sau biyu, mota a ajiye, Yaya yana zaune a tasha yana kallon wasu suna lodi. Araha ba ta ado, wallahi.

5/ To ku fahimce ni. Ban ce kada a ɗora tof ɗin wani inji a kan wani ba. Ana yi a duniya, da gangan ma. Masu wasa da Honda suna ɗaukar bulok ɗin K24, irin na Accord ɗin da muke kira End of Discussion, su ɗora masa tof ɗin K20 don ya fi shaƙar iska a babban gudu.

6/ Akwai wani haɗin na Honda da suke kira LS/VTEC: bulok ɗin B18, tof na B16. Notuna suna hawa lafiya lau. Amma bulok ɗin ba shi da hanyar man da VTEC ke buƙata, dole a jawo masa bututun mai ta waje. Ka ga? Zama daban, dacewa daban. Kama da wane ba ta wane.

7/ Har a dangin Golf ana yi. Akwai masu ɗora tof mai bawul 16 a kan bulok ɗin 2.0 mai bawul 8. Sun san matsin injin zai ragu, domin kwarmin tof ɗin ya fi faɗi, shi ya sa da yawansu turbo suke ƙara masa. Sun lissafa kafin su taɓa sifana. Mu kuma sai mu ce "Allah ya kiyaye" mu tayar.

8/ Abu huɗu ya kamata a duba, kuma babu mai buƙatar kwamfuta.
Na ɗaya: ramukan ruwa da na mai. A ɗora gasket a kan bulok, a ɗora shi a kan tof, a ga ko kowane rami ya ga ɗan'uwansa. Rami ɗaya ya toshe, ko dai zafi ko kamshaf ya bushe.

9/ Gasket ma ba na "kusan daidai" ba ne. Faɗin silindar 1.8 na Golf 3 milimita 81 ne, na 2.0 kuma 82.5. A ido ba ka ganin bambancin. Wuta tana gani.

10/ Na biyu: matsi. Kwarmin da ke ƙarƙashin tof, inda fetur ke ƙonewa, in ya ƙanƙance matsi ya yi yawa, inji ya riƙa ƙara yana zafi. In ya faɗaɗa, mota ta mutu a jiki, ta ƙi jan kaya. Sirinjin kemis da ɗan kananzir sun isa a auna tsoho da sabo a kwatanta.

11/ Na uku: tazarar bawul da fistan. A ɗora yumɓu mai laushi a kan fistan, a rufe, a sa taimin, a juya inji da hannu zagaye biyu, a buɗe a duba kaurin da ya rage. In bawul zai sumbaci fistan, gara yumɓu ya gaya maka, ba titin Rimin Gado ba.

12/ Na huɗu: fuska da ɗauri. Tof ɗan Beljiyam ba ka san sau nawa aka yi masa girandin ba. A ɗora ƙarfe miƙaƙƙe a duba. Notunan tof na Golf kuwa masu miƙewa ne, sau ɗaya ake amfani da su. Ana farawa daga tsakiya zuwa gefe, mataki-mataki, da sifanar awo. Ba bututu da ƙarfin tuwo ba.

13/ Karo na biyu wani matashi a Kabo ne ya yi wa Yaya aikin. Wannan tof ɗin dai, ba a canza shi ba. Ya kai shi aka daidaita fuskar, ya sayi gasket ɗin da ya dace da sababbin notuna, ya ari sifanar awo. Ya ɓata kwana biyu Yaya yana ta ƙorafi. Motar har yau tana kan hanya.

14/ Shi ya sa ba na ɗora laifin duka a kan makanikai. Mu masu mota mu ne ke tsaye a kansu: "Malam yau nake so in fita." Mu ne ke cewa tsohon noti ai da sauransa. Wanda ya tsaya awo mu ce bai iya ba, wanda ya haɗa cikin awa uku mu ce gwani.

15/ Kuma motar haya ba taka ba ce kai kaɗai. In ta tsaya da dare tsakanin Kabo da Gwarzo, akwai mai jego a ciki, akwai mara lafiyar da za a kai asibiti Kano. Gwajin da ka ƙi yi a gareji, su za su yi maka shi a hanya.

16/ Ƙannena masu koyon kanikanci, basira kuna da ita. Mutumin da ke tayar da motar da ta girme shi ba a raina kansa. Kafin ku canza waya, ku sayi sifanar awo da fila geji. Ku riƙa karanta lambar inji a jikin bulok kafin a tafi kasuwa.

17/ Ko aure yanzu sai an yi gwaji kafin a ɗaura, balle auren tof da bulok 😅 In bakanike ya ce maka "zai zauna", ka ce masa: "Na ji, Oga. Me ka auna?"

Makanikan da ke nan, wane haɗi kuka taɓa yi ya yi ƙarko? Ku faɗa mana mu ƙaru.