Kafin ka biya mai manhaja, ka nemi lambar komit

Jama'a, yau ba siyasa zan yi ba, amma maganar ta shafi aljihun mutane, a daure a karanta.

Bayan girbin shinkafar rani da ya wuce, wata ƙungiyar manoma a wajen Argungu ta kira ni in duba musu wata manhaja. Wani matashi ne a nan Birnin Kebbi ya rubuta musu ita. Aikinta ta riƙe lissafin taki da man ban ruwa da kowane manomi ya karɓa bashi, da buhunan shanshera da zai mayar. Lokacin biya ya zo, sai lissafin kwamfuta ya saɓa da na littafin sakatare, ana neman wasu da fiye da abin da suka san sun ci. Shugaban ƙungiya ya ce yaron ne ya taɓa wani abu a ɓoye. Yaron yana ta rantsuwa, "Baba, wallahi abin da na ba ku shi ne na ba ku." Har an fara maganar 'yan sanda.

Na ce a kawo abin da ya miƙa musu. Aka kawo filash, a ciki jaka uku: "na ƙarshe", "na ƙarshe 2", da "na ƙarshe na gaskiya". Ba wanda ya san wacce aka saka a kwamfutar sakatare, ko yaushe.

Abin da ya cece shi kawai, yana aiki da Git. Ga waɗanda ba 'yan harkar ba ne, Git manhaja ce da ke adana tarihin duk gyaran da aka yi wa aiki. Linus Torvalds ne ya rubuta ta a Afrilun 2005. Duk lokacin da ka adana gyara, wanda ake kira komit, sai Git ta ba shi lamba mai gurbi 40, daga 0 zuwa 9 da a zuwa f. Ba kai ke zaɓen ta ba. Ana lissafo ta ne daga abin da ke cikin fayilolin, da sunan mai gyaran, da lokaci, da bayanin da ya rubuta, da kuma lambar komit ɗin da ya gabace shi. Ka canza waƙafi ɗaya, lambar ta zama wata dabam gaba ɗaya, duk na bayanta ma su canza. Wanda ya zauna a makarantar zaure zai gane wannan da sauri, kamar isnadi ne: wane daga wane daga wane, in ka cire mutum ɗaya a tsakiya sarƙar ta tona ka. Komit na farko na ita kanta Git har yau da e83c516 yake farawa, kowa a duniya ya duba abin da zai gani ke nan.

To mun ga tarihin yaron tsaf. Akwai komit ɗin da ya canza nauyin da ake lissafa buhu da shi. Matsalar, ba wanda ya rubuta lambar wanda aka miƙa ranar da aka biya shi kuɗinsa. Kwana biyu muka yi muna gwada fayilolin kwamfutar da komit ɗaya bayan ɗaya kafin muka gano. Ashe sakataren ne ya kira shi a waya daga baya ya ce a gyara nauyin, bai gaya wa shugaba ba, shi ma ya manta. Da an rubuta harufan nan a takardar biya, da minti biyar ya isa.

Shi ya sa ni ra'ayina, duk ƙungiya ko ofis ko makarantar da ta sa aka rubuta mata manhaja, ta sa lambar komit a takardar karɓar aiki, gefen sa hannu. Manhajar ma ta riƙa nuna ta a ƙasan shafi, yadda sakatare zai iya karanto ta a waya. Ba a biyan ko kwabo a kan wannan. Kada ku yarda da "ai yana kan babban reshe". Sunan reshe tafiya yake yi, yau yana nan gobe yana can. Lamba ce ba ta motsi.

Ku kuma ƙannena masu koyo, ko a Waziri Umaru, ko a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, ko Aliero, ko 'yan 3MTT, ina ganin yadda kuke goge tarihi ku sake turawa da ƙarfi don aiki ya yi kyau a ido. Kafin ka ba kowa, yi abinka. Amma da zarar ka ba mutum lamba, ka bar ta a inda take, don ita ce shaidarka ranar da aka ce kai ne. Sannan harufa 7 da Git ta saba nunawa gajartawa ce kawai. Masu aikin Linux ma aƙalla 12 suke nema saboda yawan komit ɗinsu. A takarda dai rubuta duka 40 ɗin, tawada ba ta ƙare ba.

Na san wani zai shigo ya ce ai an karya SHA-1. Gaskiya ne, a Fabrairun 2017 masu bincike na Google da cibiyar CWI ta Amsterdam sun fitar da fayil biyu mabambanta masu lamba ɗaya, kuma tun 2020 Git ta fara karɓar SHA-256. Amma ƙarfin kwamfutar da suka ƙona kafin su yi hakan, ba wanda zai kashe shi a kan bashin taki. Abin da ya fi damuna dabam ne: lambar tana tabbatar da abin da aka rubuta, ba ta tabbatar da wanda ya rubuta. A Maris 2021 an cusa mugun gyara a PHP da sunan Rasmus Lerdorf, wanda ya ƙirƙiro ta. Suna a Git kowa na iya saka na wani, sai in ana sa hannu da makulli.

A nan Birnin Kebbi aka ƙaddamar da Anchor Borrowers a Nuwamban 2015, kuma duk mun ga yadda batun wa ya karɓa, wa ya biya, ya zama abin ce-ce-ku-ce. Yanzu irin wannan lissafin yana ƙaura daga littafi zuwa kwamfuta. Littafi ko an kankare, ido na gani.

Ƙungiyar dai ta gyara lissafinta, sakatare ya ba yaron haƙuri. Amma aikin damina wani suka ba.