Gayyar Kwamfutoci: Wa Ya Hana Mu?

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai da ma'aikata, tun kaka da kakanni mun san gayya: gonar da ta gagari mutum ɗaya, samarin gari su taru su nome ta kafin azahar. Wannan dabarar ce masana suka ɗora wa kwamfuta. Akan haɗa na'urorin cibiyoyi daban-daban ta intanet, a yanyanka babban lissafi gunduwa-gunduwa, kowace ta yi nata, sa'an nan a tattara sakamako. Ian Foster da Carl Kesselman ne suka yaɗa wannan tunani a ƙarshen shekarun 1990, suka kamanta shi da wutar lantarki, wadda mai amfani da ita ba ruwansa da inda injin yake.

An kuwa ga amfaninta. Cibiyar CERN da ke kusa da Jeneba ta haɗa cibiyoyi kimanin 170 a ƙasashe fiye da 40, da su aka tace bayanan da suka kai ga gano ƙwayar Higgs a 2012. A 2020 jama'a suka ba shirin Folding@home aron kwamfutocin gidajensu domin nazarin korona, har ƙarfinsa ya zarce na kowace babbar kwamfuta ta lokacin.

To, mu fa? An ƙaddamar da NgREN a 2014 domin haɗa jami'o'in Nijeriya. Duk da haka ɗakunan kwamfutarmu na kwana a kulle, kowane sashe ya ƙanƙame nasa kamar gadon uba, mai neman digiri na biyu kuwa yana shafe kwanaki yana gadin lissafi ɗaya a 'yar kwamfutarsa.

Masu cewa yayin gayya ya wuce, a je a yi haya wurin Amazon ko Google, muna tambayarsu: da wace dala? Kuma a hannun wa bayanan bincikenmu za su zauna? Ba mu musun cewa duniya ta karkata ga haya. Ba mu musun wahalar gayya: wuta marar tabbas, layi mai rauni, tsaron bayanai, da ƙarancin gwanayen kula da na'ura. Waɗannan duka kuɗi da horo na maganinsu. Wadda ta fi su taurin kai ita ce rowa, don gayya ba ta yiwuwa sai maƙwabci ya amince da maƙwabci.

Saboda haka muna kira ga hukumomin jami'o'inmu su haɗa na'urorin sassa wuri guda, su sa musu wutar sola, su horar da ɗalibai su riƙa kula da su, su kuma miƙa hannu ga sauran jami'o'i. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma mun gaji da jira.