Sana'ar lambu a makarantun Najeriya: ina fili, ina ruwa?

A shekara ta 2025 ne gwamnatin tarayyar Najeriya ta sanar da sabuwar manhajar karatu, wadda ta rage darussan koyon sana'a a makarantun sakandare daga fiye da 30 zuwa 6 kacal.

Ɗaya daga cikin shidan da suka tsira shi ne aikin lambu da noman amfanin gona. Sauran sun haɗa da kiwo, da ɗinki, da kwalliya, da gyaran kwamfuta da wayar salula, da kuma haɗa na'urorin wutar lantarki mai aiki da hasken rana.

Ga arewacin ƙasar, zaɓen aikin lambu ba abin mamaki ba ne. Tumatir da albasa da tattasai da attaruhun da ake ci a Legas da Fatakwal, akasarinsu daga fadamun arewa ake lodinsu, kamar Kadawa da Kura a jihar Kano, ko Aliero a jihar Kebbi.

Sai dai mafi yawan masu wannan noma a wajen iyayensu suka koya, kuma akwai ranar da ilmin gado ba ya isa. An ga haka a shekara ta 2016, lokacin da tsutsar da manoma ke kira sharon ta cinye gonakin tumatir, har gwamnatin jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan lamarin, farashi kuma ya yi tashin gwauron zabo. Masana'antar sarrafa tumatir ta Dangote da ke Kadawa, wadda ta fara aiki a shekarar, ta dakata saboda rashin tumatir.

Yaron da ya san yadda ake renon iri a ƙarƙashin raga, ya san lokacin feshi da adadin magani, yana da abin da zai ƙara wa gonar mahaifinsa.

Kasuwar birni

Akwai kuma ɓangaren da ba a cika magana a kai ba, wato ƙawata gidaje da ma'aikatu da tituna. Duk wanda ya ratsa Abuja ko Kaduna zai ga masu sayar da furanni da dashen itatuwa a bakin hanya. Mai iya aurar da mangwaro ko lemo, ko shimfiɗa ciyawa a harabar gida ya kuma kula da ita, ba ya buƙatar babban jari. Shirin dashen itatuwa na Great Green Wall, wanda Najeriya ta kafa wa hukuma a shekara ta 2015, shi ma yana buƙatar masu renon dashe.

Wani abin da ke taimaka wa darasin shi ne kalandar makaranta. Noman damina yana kankama ne a daidai lokacin dogon hutu, ɗalibai su shuka su tafi gida, ciyawa ta cinye gonar. Lambu kuwa aikin rani ne. Ana zuba iri bayan ɗaukewar ruwan sama, a yi dashe da shigowar hunturu, a fara tsinka tun kafin zafin bazara, duk ɗalibai na makaranta.

Amma fa lambun rani ba ya yiwuwa sai da ruwa, kuma a nan gizo ke saƙar. Makarantar da ɗalibanta ke fita unguwa neman ruwan sha, da wuya ta shayar da fangalin albasa kullum safe da yamma. A birane da dama kuma, filayen da a da ake kira gonar makaranta sun zama shaguna ko gidaje. Inda babu katanga, awaki ne za su riga ɗalibai girbi.

Darasin baya

Najeriya ta taɓa bin irin wannan hanya. A shekarun 1980, ƙarƙashin tsarin 6-3-3-4, an shigo da injinan koyon sana'a daga ƙasashen waje, da yawansu kuma suka yi tsatsa a cikin akwatunansu saboda rashin wuta da rashin malamai. Darasin sana'a ya koma abin da ake kwafa daga allo, a haddace don jarrabawa.

Batun malamai na nan har yanzu. Akwai Kwalejin Tarayya ta Koyon Aikin Lambu a Dadin Kowa da ke jihar Gombe, akwai kuma cibiyar bincike ta NIHORT a Ibadan, wadda aka kafa a shekara ta 1975, mai reshe a Bagauda ta jihar Kano. To amma waɗanda irin waɗannan wurare ke yayewa ba za su wadaci dubban makarantu ba, kuma ba kowane malamin kimiyyar noma ne ya taɓa aurar da bishiya da hannunsa ba. Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗauko ƙwararrun masu lambu na gari su riƙa koyar da aikin hannu, ko da ba su da takardar shaidar malanta, abin da ƙa'idojin ɗaukar ma'aikata ba su saba da shi ba.

Gwamnatin tarayya ce ta rubuta manhajar, amma mafi yawan makarantun sakandaren gwamnati na jihohi ne. Saboda haka kuɗin haƙa rijiyar burtsatse, da kewaye fili, da sayen iri da taki, daga kasafin gwamnoni za su fito.