Wai Ni Ne Ɗan Dakon Na'ura? Martani Ga Wani Abokina Marubuci

Ban so yin wannan rubutu ba, to amma tunda abokina ya tsaya a ƙofar shagona a nan Babbar Kasuwar Katsina, a gaban masu sayen littafi, ya kira ni ɗan dakon Turawa, dole in tanka, kada shiru ya zama amsa laifi.

Ga laifin nawa. Wata 'yar ƙanwata da ke karatun kwamfuta a jami'a ta zo hutu, ta same ni ina kakkaɓe ƙurar littattafan da suka ƙi tafiya. Ta ce, "Kawu, ka san akwai wurin da ake neman irin Hausar bakinka?" Ta nuna mini wani shiri da ake kira Common Voice, wanda gidauniyar Mozilla ta buɗe a 2017. Ana tara gajerun jimloli, mutane su karanta su da muryarsu, kuma ba a karɓar karatun sai wasu mutum biyu sun saurara sun yarda daidai ne. Da wannan ake koya wa na'ura jin magana. Sharaɗin kuwa shi ne duk jimlar da ka bayar ka sallama ta, ba taka ba ce kuma. Tun daga ranar ita ke koya mini inda ake latsawa, ni kuma ina gyara mata Hausa, yau ma har ta jawo ƙawayenta uku.

Abokina ya ce kamfanonin Amurka za su kwashe gumina su yi kuɗi da shi. Ban musa ba, za su kwasa. Amma don Allah malam, wa ya taɓa biyanka gumin naka? Ni da kai mun san yadda muka riƙa kai littafi wajen dillalai a Kano a karɓa bashi, sai ka yi shekara kana zarya a kan kuɗin da bai kai na motarka ba. Mun san yadda ake ɗauke littafi sukutum a watsa a WhatsApp, ba suna ba sallama. Waccan sata ce. Wannan kuwa ni na bayar da hannuna, kuma abin da na bayar ba a kulle shi a ɗakin wani attajiri ba: yadda kamfani zai ɗauka, haka yaron Ƙofar Marusa mai tsohuwar kwamfuta zai ɗauka ya gina nasa. Kuma ban ba da littafina ba, kada a yi mini ƙage, jimloli ne sababbi nake rubutawa tsakanin azahar da la'asar in kasuwa ta yi sanyi.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, mu ne kan gaba wajen dariya. Tun da Google ya sa Hausa cikin fassararsa a 2013 muke tura wa juna kwaɓar da yake yi muna kyakyatawa. To wa zai gyara? Yaran nan sun iya na'ura, amma wallahi da yawansu da Turanci suke tunani su sauke da Hausa. Jimlar farko da yarinyar nan ta kawo mini, na ce, "'Yar nan, kin taɓa jin kakarki ta yi magana haka?" Ta yi dariya ta ce a'a. Na ce to je ki saurari yadda ake cinikin atamfa a layin baya, ki dawo. Da ta dawo, jimlolin sun yi gishiri. Wannan aikin babu farfesan da zai yi mata shi daga ofis, sai mu da aka raina aka ce adabin kasuwa muke yi, domin kuwa a kasuwar ake maganar.

Sannan ku duba su wa za a bari a baya. Rabin masu sayen littattafaina matan aure ne, wasunsu ma karanta musu ake yi, saƙon murya ne rubutunsu. In na'ura ta tashi da muryar maza 'yan boko masu Hausar labaran rediyo kaɗai, ranar da tsohuwa Bakatsina za ta ce "hwara" ko "shina zuwa", sai a ce mata ba a gane ba, a cikin harshenta, a cikin garinta.

Kuma ni ban ga baƙon abu a nan ba. Abubakar Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar 1933, daga baya ya je Zariya ya zauna da Rupert East aka samar da Magana Jari Ce. East na da injin ɗab'i da dabarar tsara littafi, Imam na da Hausa. Da Imam ya ce ba zai yi wa Bature dako ba, me za mu karanta a firamare?

Su ma masu shirya irin waɗannan ayyuka ina da magana da su. An taɓa gayyata ta wani taron bita a otal, wai na jawo kowa a jika, aka yi shi da Turanci tun daga addu'ar buɗewa har ta rufewa in ban da "sannunku", aka ɗau hoto aka watse. Babu wanda ya sake kirana ya ji ko na gane. Rainon mai koyo ba yini guda ba ne, zama ne, da haƙurin amsa tambaya guda sau biyar, kamar yadda yarinyar nan ta yi da ni kafin in daina goge abin da na ɗauka.

Abokina, Asabar mai zuwa bayan la'asar yaran za su zo shago. Akwai benci. Ka taho da Hausar nan taka ta Daura da kake taƙama da ita, har yanzu ba mu da mai ita.