Gado Ɗari Biyu Saboda Kwana Huɗu

Duk sa'ad da bikin kamun kifi na Argungu ya ƙarato, akwai maganar da ba ta fashi a bakin manyanmu: wai abin kunya ne a ce ba mu da otal mai taurari biyar a bakin kogin Matan Fada da za a sauke jakadu da Turawa. Galibin masu wannan magana ba su daɗe da dawowa daga Landan ko Faris ba, ƙamshin sabulun otal bai gama barin jikinsu ba. Ban ga laifinsu ba don sun ga abu mai kyau sun yi sha'awa. Inda muka raba hanya shi ne, ina ganin ba su lura da ainihin abin da suka biya kuɗi suka saya a can ba.

Aikin jarida ya taɓa kai ni irin wannan masauki a tsakiyar Landan, kusa da tashar jirgin ƙasa ta Paddington, a aljihun waɗanda suka gayyace mu. Ɗakin ɗan tsukuku ne, sai da na ture kujera kafin sallaya ta samu wuri tsakanin gado da bango. Babu buta a banɗaki, da robar ruwan sha na yi ta fama. Ga wani ɗan firij cike da lemo da gyaɗa, wanda ka taɓa sai ya biyo ka a takardar biya. Kuɗin kwana ɗaya kuwa ya ninka albashin malamin firamare na wata guda a jiharmu. Amma da ka sauko ka tura ƙofar gilashi, kana cikin gari tsundum: ga jirgin ƙarƙashin ƙasa, ga jirgin da zai kai ka filin jirgin sama na Heathrow cikin minti 15, ga gidajen abinci na Larabawa a titin Edgware, ƙafa kawai za ka taka. Rabin kuɗin nan na bakin ƙofa ne.

Ɗaya rabin na aikin da ba a gani ne. Da hantsi, bayan baƙi sun fita, sai ka ga wata baiwar Allah tana turo keken tawul da zannuwan gado, da takarda a hannunta. Ta shiga ɗaki, ta murɗa famfo ta ji ko ruwan zafi na zuwa, ta kunna kowane ƙwan lantarki, ta yi alama a takardar, ta wuce na gaba. Wani kuma ya biyo bayanta yana duba abin da ta duba. Haka jiya, haka gobe, ko da minista a gidan ko babu. Wannan ɓangaren ba ya shiga hoton da manyanmu ke ɗauka a waya, shi ya sa ba ya shiga kasafin kuɗi.

Tarihin waɗannan otal-otal ma abin dubawa ne. Savoy na Landan, wanda aka buɗe a 1889 da wutar lantarki da na'urar hawa bene tun suna abin mamaki, Richard D'Oyly Carte ne ya gina shi da ribar gidan wasan kwaikwayonsa da ke maƙwabtaka, wanda ya riga otal ɗin da shekara 8. Jama'a na tururuwa kowane dare kafin a aza tubali. Da ya gama ginin kuma sai ya nemo César Ritz ya riƙe masa gidan, ya nemo Auguste Escoffier ya riƙe kicin. Baƙi suka fara zuwa, gini ya biyo baya, sannan aka nemo gwanayen da za su kula da shi. Mu kuwa daga gini muke son farawa.

Mu dawo gida. Bikin Argungu ya samo asali ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyarar da ta rufe tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi. A 2016 UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gargajiya na duniya. Babu mai musun girmansa. Sai dai kwana huɗu ake yi, kamun kifin kansa kuwa, daga ƙarar bindiga zuwa lokacin da masunta za su fito da homa da gora a ɗora giwan ruwa a sikeli, bai wuce awa guda ba. Sannan bayan na 2009 ba a sake yin bikin ba sai a watan Maris na 2020. Ina so masu neman otal mai ɗaki 200 su faɗa mana wanda zai sayi man janareto a irin waɗancan shekaru goma, da wanda zai biya albashin mai murɗa famfo. Mun san yadda irin waɗannan gine-gine na gwamnati ke ƙarewa a Arewa: saura mako biyu taro a kawo masu fenti, a ari katifu, taro ya watse a sa kwaɗo, jemagu su karɓi aiki.

In dai Turai za mu kwaikwaya, akwai darasin da ya fi dacewa da mu. Birnin Munik na Jamus yana karɓar mutum wajen miliyan 6 a bikinsu na Oktoberfest cikin mako biyu da 'yan kwanaki. Ba kowa ke samun gado a tsakiyar birnin ba. Da yawa a garuruwan kewaye suke kwana, su shigo a jirgin ƙasa da safe, su koma da dare. Tsakanin Birnin Kebbi da Argungu kimanin kilomita 50 ne. Birnin Kebbi ke da filin jirgin sama na Sa Ahmadu Bello, da fadar gwamnati, da fadar Sarkin Gwandu, da jami'ar tarayya, da kwalejin Waziri Umaru. Nan ne ake da baƙi a watan Yuli da na Oktoba, masu taro da 'yan kwangila da dillalan shinkafa. In babban otal zai ci da kansa a jihar nan, a nan ne. Kuma ɗan kasuwa ya kamata ya zuba kuɗinsa, don shi ne ba zai iya barci ba in famfo ya ƙafe. Aikin gwamnati shi ne hanya mai kyau, da tsaro, da motocin safa masu tashi kan lokaci a kwanakin biki.

Argungu kuwa tana da abin da ya girmi otal. Fatake sun yi ƙarnoni suna sauka a gidan fatoma, ya ba su ɗaki da abinci, ya ajiye musu kaya, ya tsaya musu a ciniki, sunansa shi ne jarinsa. Har gobe, a kwanakin biki, mutanen gari na kwashe yara daga ɗaki su ba baƙo. Me zai hana masarautar, ƙarƙashin Mai Martaba Alhaji Sama'ila Muhammad Mera, da ƙaramar hukuma su yi rajistar irin waɗannan gidaje? A duba banɗaki da tankin ruwa da gidan sauro da makulli, a ba mai gida ɗan bashi ya gyara, a sa gidan a jeri da farashinsa a fili. Kuɗin baƙo ya tsaya a unguwa, in biki ya wuce ɗaki ya koma hannun masu shi.

Za a ce jakada ba zai kwana a zaure ba. Gaskiya ne, ya kwana a Birnin Kebbi, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba ce. Wanda nake ji shi ne ɗan jarida da ɗalibi da mai yawon buɗe ido, waɗanda za su so su ƙara kwana su shiga gidan tarihi na Kanta, su ga fadamun shinkafa, wataƙila su zarce Yawuri kallon bikin Rigata ko Zuru kallon bikin Uhola. Su ne za su cika ɗakuna a sauran watanni, kuma ba marmara suke tambaya ba. Tambayarsu ta farko a wurin karɓar baƙi ita ce ko akwai ruwa a famfo, ta biyu kuma ƙarfe nawa ake kashe janareto.