Faransa Ta Ba Da Da Hannun Dama Ta Karɓe Da Na Hagu

Jama'a, ku zo ku ji yadda a ke lissafi a gidan 'yan mulkin mallaka. Akwai wata ƙasa a tekun Fasifik da a ke kira Niyu Kaledoniya, wadda Faransa ta kama a 1853. Mutanenta ba su kai 300,000 ba, amma Allah ya binne musu ƙarfen nikel mai yawan gaske. Duk da haka baitulmalinta kullum cikin giɓi ya ke, asusun magani na kuka, kamfanin lantarki na kuka.

In 'yan ƙasa, watau Kanak, suka ce mulkin kai su ke so, sai a zaro musu takarda a ce Faransa na kashe musu wajen Yuro miliyan 1,500 kowace shekara, in ta tafi me za su ci? Da wannan barazana aka shiga ƙuri'ar raba gardama a 2018 da 2020, aka kuma yi ta 2021 wadda masu neman 'yanci suka ƙaurace wa.

To, shin kuɗin nan aljihun wa su ke shiga? Kaso mai tsoka albashi ne da fansho na ma'aikatan Gwamnatin Faransa da sojojinta. Ma'aikacin da aka ajiye a Numeya, babban birnin, ana ƙara masa kashi 73 cikin 100 bisa albashin takwaransa na Faris. Shi zai sayi kaya ko nawa ɗan kasuwa ya yanka, talaka kuwa sai ya bi farashin da aka yanka domin mai albashin. Wannan shi a ke kira taimako!

Ba mu wanke manyan Numeya ba. Sai a 1982 aka fara karɓar harajin samu a ƙasar, nauyi kuwa ya daɗe a kan kuɗin fito da kowa ke biya a bakin kanti.

Da annoba ta zo, me uwargijiya ta yi? Rance ta bayar: Yuro miliyan 240 a 2020, miliyan 175 a 2022. A watan Mayu 2024 majalisar Faris ta taɓa rajistar masu zaɓe ba da yardar Kanak ba, tarzoma ta tashi, aka rasa rayuka, aka yi asarar fiye da Yuro miliyan 2,000. A shekarar nan masana'antar nikel ta Koniambo, wadda lardin Arewa na Kanak ke da kashi 51 a ciki, ta sallami ma'aikata wajen 1,200. Faris ce ta tsokano tsuliyar dodo, amma a 2025 sai ta tsaya wa ƙasar a kan wani rancen na Yuro miliyan 1,000, bisa sharaɗin a tsuke bakin aljihu a gyara haraji. Kowa ya ci ladan kuturu ai sai ya yi masa aski. Ranar da za a sake zama kan zancen 'yanci, takardar bashin nan za a fara ajiyewa a gaban wakilan Kanak.