Direba Yana Waya, Fasinjoji Sun Yi Gum

A motar haya, in direba ya ƙara naira ɗari biyu a kan kuɗin mota, kowa sai ya zama lauya. Amma in ya zaro waya yana tsala gudu a hanyar Kano zuwa Zariya, ya maƙale ta tsakanin kunne da kafaɗa, sai motar ta yi tsit. Na gidan gaba ya kau da kai yana kallon gonaki, na baya su kama salati a zuci. Wai kara ake yi masa. A ganina laifin wannan karar bai gaza na direban ba.

Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. In direba ya sunkuya daƙiƙa 5 kacal yana lalubo lamba, ko yana duba ko kuɗi sun shigo, ya shafe mita 140 ke nan bai ga titi ba, fiye da tsawon filin ƙwallo. A wannan tazarar akwai rami, akwai tirelar da ta mutu ba wata alama sai ganyen da aka zuba a kwalta, akwai yarinya da farantin talla tana neman tsallakawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai waya yana tuƙi ya fi wanda ba ya yi shiga haɗari kusan sau 4, kuma abin sawa a kunne ba ya rage wani abin kirki, domin hankalin ne ya tafi. Idonsa na kan hanya, zuciyarsa na kasuwar Kwari ana cinikin atamfa.

Doka ta hana. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta sa waya a kan sitiyari cikin jerin laifuka, kuma tarar da aka daɗe da sani naira 4,000 ce. Sai dai jami'i yana bakin titi, fasinja kuwa yana cikin motar.

To me ke ɗaure mana baki? Mun san amsar da za mu sha: "Malam, ni za ka koya wa tuƙi? Tun kana goye nake bin hanyar nan." In mace ce ta yi magana, a ce Hajiya ta cika tsoro. Abin da ya fi ciwo shi ne wani daga cikin fasinjojin zai tare wa direban faɗa: "A bar shi mana, ai Allah ne ke tsarewa." Allah ne ke tsarewa, babu mai ja. Amma shi mai faɗin haka sai da ya garƙama wa shagonsa kwaɗo biyu kafin ya taho tasha.

Akwai kuma wanda ba a cika kallonsa ba, wato mai kiran. An ce maka "ina hanya", ka ji ƙarar iska da oda, amma ka gyara zama: ya gida, ya yara, ya jikin Baba, an kuwa kai kayan nan? Doguwar gaisuwarmu abin alfahari ce, a zaure. Wasu ma in ba a ɗaga ba sai su ƙullata, su sake kira, su ƙara, daga baya su yi gori: "Ka yi kuɗi ke nan, yanzu ba ka ɗaukar wayarmu." Mutum ya gwammace ya yi caca da rayukan mota guda da a ce masa mai girman kai. Masu motar gida da 'yan adaidaita sahu ma ba su tsira daga waya a kan tuƙi ba, har bidiyo wasu ke ɗauka suna tafe don TikTok.

Ba faɗa ake nema ba. "Direba, don Allah a ɗan tsaya gefe a gama wayar, ba ma sauri." In mutum ɗaya ya faɗa za a hayayyaƙo masa, don haka aikin yana kan na kusa da shi, ya ce "gaskiya ne" da ƙarfi yadda direba zai ji. 'Yan yuniyon da ke rubuta sunayen fasinja da lambar 'yan uwansu kafin mota ta tashi su ma suna iya ƙara sharaɗi guda: in waya ta yi ƙara a hanya, yaron mota ko na gidan gaba ne zai amsa.